Ranar da Kofur Dabo Ya Tuɓe Takalmi

Kofur Dabo bai iya gaisuwa ba, kuma duk unguwar Ƙofar Guga babu wanda bai san haka ba. Ba daga gida ya samo wannan hali ba, don gidansu gidan dukawa ne masu kunya, waɗanda ke ɗinka sirdi da gafaka kawunansu a sunkuye. Ubansa ya rasu yana ƙarami, yayansa Mahmud ya riƙe shi, ya zaunar da shi gaban fata da basilla. Zaman ne bai karɓe shi ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke sai aka wayi gari babu shi, ya bi motar masu ɗaukar soja ko sallama bai yi wa kowa ba.

Ya fi shekara goma yana yawo daga wannan bariki zuwa wancan a kudu. Bai dawo Katsina ba sai da aka fara rage sojoji, gab da za a miƙa mulki ga farar hula. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da tabo a wuya, da takalmin soja da ba ya rabuwa da shi sai zai yi alwala, da kuma wata irin Hausa guntuwa wadda ba ta san komai ba sai umarni. Dattawa na zaune a dakali, sai ya ƙame ya ce, "Baba, yaya ne?" Kafin su buɗe baki ya kai kwanar lungu. A garin da ake tsayawa a tambayi mutum kwanansa da gajiyarsa da iyalinsa har da sanyin da ya sha, wannan ba ƙaramin abin magana ba ne.

Abin da ya fi ɓata shi a idon mutane shi ne yadda yake maganar mutuwa. Ya ga gawa har ta daina ba shi mamaki, don haka a bakinsa da mutum da jaki kalma ɗaya ce. Ranar da aka yi rashin ƙanen mai unguwa ya shiga zaman makoki ya tsaya a kan mutane ya ce, "Yaushe ya mutu? Me ya kashe shi?" Kowa ya dubi tabarma. Wasu suka ce yaƙi ne ya taɓa shi, wasu suka ce a'a, tun yana yaro haka yake, hali zanen dutse. Ni dai a ganina mutumin ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai babu ƙofa.

Mutum ɗaya ce wannan baki bai dama ba, ita ce Baraka, matar yayansa. Ita ta yi masa wanki yana yaro, kuma akwai wasan nan na ƙanen miji da matar wa a tsakaninsu, suna kuwa yin sa kamar an biya su. Kullum da hantsi sai a ji takun takalminsa tun daga zaure, babu sallama babu komai, yana cewa, "Baraka, ina ɗumamena?" Ita kuma ta ce, "Soja marmari daga nesa. Cefanen da ka kawo jiya ne za ka ci?" Ya wuce madafa ya buɗe tukunya da kansa, ya ci a tsaye, ya ce miyar ba gishiri, ya fita.

Yayan nasa ya rasu tun Dabo yana kudu. A kasuwa ciwon ajali ya kama shi, kuma kafin maza su shirya yadda za a kai maganar gida, wata maƙwabciya ta faɗa wa Baraka da kururuwa tana daka. Nan ta yanke jiki ta faɗi, taɓarya a hannu. Ta tashi daga baya, amma hannun hagu da ƙafar hagu ba su tashi duka ba, har yau jan su take. Likita ya gaya wa dangi a fili cewa jininta ya hau, in aka sake girgiza ta haka, ko dai ta tafi ko ta kwanta kwanciyar da ba tashi. Tun daga ranar ko akuya ce ta ɓata a gidan, sai an yi shawara kafin a gaya mata.

Cikin 'ya'yan da ta haifa ɗaya ne ya rayu, ɗan farinta Alamin, wanda saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Direba ne. A daminar zaɓen, da gari ya cika da tutoci da lasifika, har mata ma aka ce wannan karon za su jefa ƙuri'a, wata jam'iyya ta ɗauke shi yana tuƙa mata Landiroba zuwa ƙauyuka. Shi ya samo wa baffansa aikin rakiya, don ana son mai faɗin ƙirji a bayan mota saboda 'yan jifa. Ranar da za su fara fita Baraka ta ce wa Dabo, ba da wasa ba, "Ka riƙe mani shi." Ya ce, "An gama," bakinsa cike da tuwo.

Wata Laraba da sassafe suka nufi wata kasuwar ƙauye. An kwana ana ruwa, hanyar jar ƙasa ce, ta yi santsi. A wata gangara motar ta ƙwace, ta juya, ta kife a bakin gona. Dabo ya tsinci kansa cikin gero, kafaɗa kawai ya kuje. Alamin kuwa sitiyari ya danne. Aka samu wata babbar mota ta ɗauko su zuwa gari, kansa na kan cinyar baffansa, kuma kafin a ga ganuwar Katsina rai ya yi halinsa.

Daga asibiti Dabo bai tsaya ko'ina ba sai zauren Malam Sada, limamin unguwa. Ya tarar da shi da dattawa biyu, ya tsaya a bakin ƙofa da jini a riga ya ce, "Malam, Alamin ya mutu. Mota."

Malam Sada ya yi salati, dattawan suka amsa. Kowa ya san abin da kowa ke tunani. Ba mamacin ake tunani ba, shi nasa ya ƙare. Uwar ake tunani. Za a kawo gawa bayan azahar, a yi sutura kafin la'asar, 'yan jam'iyya za su zo da ayarinsu, kuma tun yanzu maganar ta fara zagaya tasha. Kowane lokaci wata mai saurin ƙafa za ta iya faɗawa gidan kamar wancan karon.

"In ni na shiga da hantsin nan," in ji Malam Sada, "ganina kaɗai ya isa. Haka ku ma. Mutum guda ne ka shiga gidan kullum ba ta kawo komi a ranta ba."

Duk suka dubi Dabo.

Sai a lokacin tsoro ya kama shi. Mutumin da ya kwana a rami harsashi na wucewa ta kansa, ga shi yana neman hanyar gudu. Ya san bakinsa. Ya san in ya buɗe shi abin da ke ciki ne zai faɗo, gaba ɗaya, kamar an kifar da ƙwarya. A ransa ya ga Baraka a ƙasa, ya ga an jera makara biyu a ƙofar gida, kuma ta biyun shi ne sanadinta.

"Malam, ban iyawa," ya ce. "Ku tura ni in haƙa kabarin. Ku tura ni ko'ina."

"Zamna," in ji Malam Sada. "Ba kai za ka hwaɗa mata ba, mu za mu hwaɗa. Kai hanya za ka share muna."

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar sai da aka fafe. Malam ya aiki matarsa Safara'u ta shiga gidan Baraka da sunan aron rariya, ta zauna kusa da ita ta ja hira, kada ta bar kowa ya shigo da kuka. Sannan ya juyo kan Dabo, sabon ɗalibinsa mai gemu.

"Da hwari, kalmar da ka shigo mani da ita, ka bar ta nan. Dabba ka mutuwa. Mutum rasuwa shikan yi, ko a ce ya cika, ko wa'adi ya yi, ko ya riga mu gidan gaskiya. Amma ko waɗannan ba naka ba ne yau. Maimaita abin da zan ce."

Ya jera masa su kamar yadda ake sauke tulu daga kai, da hannu biyu, kaɗan-kaɗan. A tsaya a bakin ƙofa a yi sallama, a jira a amsa. A tuɓe takalmi. A durƙusa, kada a tsaya mata a ka. A ce ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya ruwa, yaya mutanen gida, kuma kowace sai an saurari amsarta. Bayan nan a ce an ɗan samu tsautsayi a hanya. In ta tambaya, a ce ya ɗan bugu, yana asibiti. A yi shiru. In ta sake tambaya, a ce jikin ya ɗan matsa. A ƙara yin shiru. Daga nan jikin ya yi tsanani, daga nan sai dai addu'a.

"In ka kai nan, ka tsaya. Muna zaure, za mu ji, sai mu yi sallama."

"Malam, wannan ai ƙarya ce," in ji Dabo. "Ba shi asibiti yana jinya. Na rufe mashi ido da hannuna."

"Shina asibiti ko ba shi can?"

"Yana can."

"To ina ƙaryar? Ba ɓoye mata za ka yi ba. Lokaci za ka ba zuciyarta ta iso wurin da kanta."

Aka fara gwaji, Malam ya zama Baraka. Karon farko Dabo ya yi sallama kamar mai ba da oda a fareti. Karo na biyu ya durƙusa, amma daga ina kwana ya yi tsalle sai ga shi a asibiti. Karo na uku ya ce "ya ji rauni sosai", Malam ya ce a cire "sosai", a mayar da "ɗan", don wannan 'yar ƙaramar kalma ita ce ke riƙe da mutum. Zufa ta jiƙe shi. Kowane motsi a lungu sai ya kasa kunne ko zai ji kururuwa daga gidan yayansa. Ya riƙa maimaita kalmomin a ransa yana jin su baƙi a harshensa, kamar mai taunar tsakuwa cikin shinkafa.

Da aka ga ya kama, sai wani dattijo ya nuna jinin da ke rigarsa. Malam ya shiga ciki ya fito da farar taguwa wankakka da hula, aka sa masa. Suka dube shi sama da ƙasa suka gamsu, suka ce yanzu ya zama mutum.

Tsakanin zauren Malam da gidan babu nisa, amma bai taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ruwan jiya ya kwanta a lungu. Ta kan katanga ya ga kawunan mata suna leƙe, sun riga sun ji, suna jira. Wata ta fito da mayafi a hannu ta nufi ƙofar, ya yi mata kallo ɗaya irin na bariki, ta koma. Dattawan na biye da shi nesa-nesa, suka maƙale a zaure.

Ya tsaya a ƙofar tsakar gida, inda bai taɓa tsayawa ba.

"Salamu alaikum."

Hirar da ake yi a ciki ta yanke.

"Wa alaikumus salamu," in ji muryar Baraka. "Wane ne?"

"Ni ne."

"Kai wa?"

"Dabo."

 Ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, igiyar ta ƙulle, sai da ya fizge ta. Ya shiga da ƙafa tsirara, fara fat kamar ba tasa ba. Baraka na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, faifai a cinya, tana gyaran zogale da hannunta mai lafiya. Safara'u na gefenta, rariyar da ta zo aro tun ɗazu na kan ƙafarta. Ya matso ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yadda aka koya masa.

"Ina kwana, Yaya."

Baraka ta dubi ƙafafunsa. Ta dubi farar taguwar da hular. Ta juya ta dubi Safara'u da rariyarta, Safara'u ta kawar da kai. A hankali ta sauke faifan ta ajiye a ƙasa.

"Lahiya lau," ta ce.

Sai ya ga hannun nan na hagu ya fara karkarwa a kan cinyarta, gefen bakinta yana motsi shi kaɗai. Nan ya gane abin da suka yi. Malam da dattawa sun zauna sun zaɓi mutumin da zuwansa ba ya nufin komai, sannan da hannunsu suka wanke shi suka mayar da shi mai kawo labari. Da ya shigo da takalmi yana neman ɗumame, da ba ta san komai ba. Ladabinsa ne ya gaya mata, tun daga bakin ƙofa. Kansa ya yi zafi, duk abin da aka jera masa ya watse, bai ga mafita ba sai ya yi sauri ya kai ƙarshe dattawa su shigo su karɓe shi.

"Dama an ɗan samu tsau..."

"Tsaya."

Ta ɗaga hannun dama. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ba ka tambaye ni gajiya ba. Wanda ya koya maka bai ce ka tsallake ba."

Ya ɗago ya dube ta. Idanunta a bushe suke, a buɗe sosai, tana numfashi da baki.

"Tun da na ji sallama na san ba tuwo ya kawo ka ba," ta ce. "Amma ban ji komi ba tukuna. Ba wanda ya ce mani komi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, Dabo. Kada ka yi sauri."



"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya jiki?"

"Jiki da sauƙi, mun gode Allah."

"Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Kowace amsa sai ta ja numfashi kafin ta ba da ita, ta ba da ita cikakkiya, kamar mai gaisawa da baƙon da ya zo daga nesa. Ya tambayi mutanen gida, ta ce suna lafiya. Nan gaisuwar da aka koya masa ta ƙare, ita kuwa tana kallonsa, hannun bai daina rawa ba. Sai ya fahimci amfanin waɗannan kalmomi da ya raina duk rayuwarsa. Muddin yana jera su, yaron nata yana nan. Tsoro ya sake kama shi, na kada su ƙare masa, ya shiga lalube.

"Yaya awaki?"

"Suna nan, jar ta kusa haihuwa."

"Yaya ɗakin nan da ruwan jiya, bai yi yoyo ba?"

"Ya ɗan yi ta wajen ƙohwa. Na tara kwano."

"Yaya ƙafar, tana taka ƙasa?"

"Tana takawa."

Ya tambayi kaji. Ya tambayi rijiya ko ta kawo. Ya tambayi 'yar'uwarta ta unguwar Kambarawa da bai taɓa tunawa da ita ba. Safara'u ta matso ta sa kafaɗarta a bayan Baraka. A zaure dattawa na tsaye suna jin soja yana tambayar lafiyar kaji, babu wanda ya motsa. Kaɗan-kaɗan numfashin ya daidaita. Hannun ya rage rawa, ya rage, har ta kama shi da ɗayan ta kwantar a cinya.

"To," ta ce. "Yanzu. Tsautsayi ka ce."

"An ɗan samu tsautsayi a hanya."

"Yaron nan shina asibiti."

"Yana asibiti."

 Wata kaza ta zo tana tsattsagar zogalen da ke faifai, ba wanda ya kore ta.

"Jikin ya matsa ko?"

"Ya matsa, Yaya."

"Ƙwarai?"

"Sai dai addu'a."

Ta rufe ido. Dabo ya zuba mata nasa, jikinsa duka a shirye ya tare ta in ta tafi. Ta yi baya kaɗan ta jingina da Safara'u, leɓunanta suna motsi da salati. Ya ƙirga numfashinta ba da niyya ba, yana jiran wanda ba zai dawo ba. Duk suka dawo. Ba ta faɗi ba.

"Kana wurin?" ta ce, idon a rufe.

"Kansa na kan cinyata."

"Ya samu kalma?"

"Na yi ta faɗa mashi a kunne. Na ga bakinsa yana bi."

"Alhamdu lillahi." Hawaye suka gangaro, ba ta share ba. "Safara'u, ce ma su Malam su shigo. Sun daɗe a tsaye."

Dattawan suka yi sallama suka shigo, Malam Sada ya faɗi abin da ya rage a faɗa, aka shafa fatiha. Mata suka fara cika gidan, kowace ta shigo sai ta rage murya, ganin uwar mamacin a zaune daram. Dabo bai tashi ya ba su wuri ba. Yana nan durƙushe inda yake, cikin rigar aro, sai kuka ya ƙwace masa, irin na wanda bai saba ba, mai kama da tari. Tun da motar ta kife bai tuna cewa shi ma an yi masa rashi ba.

"Kin ce in riƙe maki shi," ya ce.

"Ka riƙe shi. Ba a hannunka ya cika ba?" Ta miƙo hannun dama ta taɓa hularsa. "Ɗanka ne kai ma. Yaya haƙuri, Dabo?"

 Malam ya koya masa tambayoyi, bai koya masa amsa ko ɗaya ba. Ya dube ta kamar yadda yake dubanta yana yaro in ya ɓata wani abu.

"Ka ce da godiya," in ji Baraka.

"Da godiya," ya ce.